Sunan Da Dada Ba Ta Faɗa

Ɗakin kiran gaggawa na Tambuwal ƙaramin ɗaki ne a bayan wani tsohon ofis, da taga ɗaya mai kallon bishiyar dogonyaro. Tebur biyu ne a ciki. Ɗaya na Sirajo ne, wanda ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, shi ne kuma ya haɗa na'urar da suke aiki da ita. Ɗayan na Malama Hinde ne, ita ke ɗaukar waya.

Hinde ta ba hamsin baya. Ta yi shekara ashirin da wani abu tana karɓar haihuwa a ƙauyukan Jabo da Sanyinna kafin ta san baƙi ko ɗaya na boko. Sai da ta fara furfura ta shiga ajin manya, ta zauna kan benci da fensir. Har yau in za ta rubuta suna sai ta danne takardar da hannun hagu, kamar mai tsoron kada ta gudu. Ba don rubutu aka ɗauke ta ba. An ɗauke ta ne don tana iya sauraron mutum har ya gama, ko da ya fara da gaisuwa, ya bi ta kan ruwan bana, kafin ya iso ga abin da ya sa ya kira.

Na'urar tana da wani dogon suna a takarda, ba wanda ya riƙe shi. Bube direban motar asibiti, taubashin Hinde, shi ya raɗa mata Gwaggo, wai don ta san dangin kowa kuma ba ta rasa ta cewa a sha'anin kowa. Sunan ya bi ta.

Watannin farko Sirajo ya yi su ne a gefen teburin Hinde yana tambaya. Ya ce mata littattafai ba su yi kaɗan ba. Kowane asibiti yana da rajistarsa, ɗakin ajiyar magani yana da tasa, 'yan kabu-kabu suna turo labarin hanya kowace safiya, amma babu littafin da ya san da zaman ɗan'uwansa. Aikinsa shi ne ya ƙulla musu zumunci. Kafin nan kuwa sai an koya wa na'urar mene ne mene, kuma me ya haɗa shi da me. Kububuwa maciji ce. Dafinta yana hana jini daskarewa. Ga maganin da ke karya shi. Maganin yana son firji, firji yana cikin asibiti kaza, asibitin yana kan hanya kaza, hanyar tana da kwalbati, kwalbatin kuma ba ya shiri da watan Agusta. Ya ce a makaranta ontoloji ake kiran wannan tsari.

Hinde ta gama jin sa, sannan ta ce, "Salsala ke nan. Wane ya haifi wane."

"Kusan haka na, Inna."

Wuri ɗaya ta tsayar da shi. Ya rubuta cewa kowane katin asibiti na mutum ɗaya ne.

"A'a, Malam Sirajo. Kati awa turmi yake. Gida guda ad da shi, unguwa ka daka."

Ya yi dariya, amma ya gyara. Daga ranar Gwaggo ta san mai kati daban, wanda aka duba daban. Sai dai tsofaffin bayanai na shekarun baya sun shigo yadda suke, ba mai iya tsefe su. Abin da Sirajo ya iya yi shi ne ya sa duk inda littafi biyu suka saɓa wa juna, na'urar ta ɗiga alamar rawaya a gefe.

Ran wata Talata cikin Agusta, ana tsakar noman maimai, bayan an yi kwana biyu ana ruwa, wayar ta yi ƙara da hantsi. Hinde ta buɗe muryar yadda Sirajo zai ji.

"Salamu alaikum. Nan na wurin masu mota?"

Muryar tsohuwa ce, a kwance, ba gaggawa a cikinta.

"Amin alaikumus salam. Nan na, Inna. Hinde nike. Wa ka magana?"

"Dada ta, daga Tungar Rimi, nan ƙasar Kebbe. Kun kwana lafiya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Dada, mi ya faru?"

"To, wani na nan gona maciji ya taɓa. Nic ce bari in shaida muku, ko kuna da hanya ta nan."

Sirajo yana bugawa. A gurbin mai kira ya sa maƙwabciya, a gurbin yanayinta ya sa hankali kwance. Hinde ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ta dube shi ba, ya dakata.

"Wane irin maciji?"

"Kububuwa. Ya kashe ta, ga ta can yashe."

"Ina ta sare shi?"

"Ga dugadugi. Ƙafar ta hau har gwiwa."

"Ba shi waya in ji muryarshi."

"Ba shi iyawa. Shina can ƙarƙashin gawo kwance, shina amai. Nan gonar ba a samun magana sai an hau suri. Shi ya nemo lambarku yac ce in hau in latsa kore. Ga ni bisa."

Hinde ta ga abin a zuciyarta: tsohuwa tsaye kan suri a bakin gona, da waya a kunne, tana magana kamar mai tambayar kuɗin gero. Ta ce, "In ya tofar da yawu, akwai ja?"



"Akwai."

"To ji nan, Dada. Kada a ɗaure ƙafar, kada a tsaga, kada a ba shi saiwa. Kada ya taka ko taki guda. Ki kira mutanen gonar kusa su tsaya kanshi. Mota na tafe. Ki dawo bisa surin, zan sake kira. Mi sunanshi?"

"Shi dai mutumin nan."

Hinde ba ta maimaita tambayar ba.

Kafin ta ajiye wayar Gwaggo ta riga ta cika fuskar kwamfuta. Motar Bube tana Kebbe, ya mayar da wata mai jego gida, tsakaninsa da Tungar Rimi minti goma sha biyar. Hinde ta kira shi.

"Direban jaki, kana ina?"

"Ina cin waina, tsohuwa. Ke da Gwaggo ba ku barin bawan Allah ya haɗiye loma?"

"Naɗe ta a takarda. Tungar Rimi, gonar da ke da babban suri da gawo. Kububuwa, jini ya fara fita ga baki."

Ta ji ƙarar kujera ta faɗi. Bube ya ce, "Na tashi. In na ɗauko shi, ina zan nufa?"

"Kafin ka kai mararraba mu gaya maka."

Nan maganar take. Daga Tungar Rimi hanya ɗaya ce har mararraba. Dama tana zuwa ƙaramin asibitin Mashaya, tafiyar minti ashirin. Gwaggo ta nuna akwai kwalba huɗu ta maganin dafi a firjinsu, nas Rauda ce ta turo lissafin da safe, sai dai babu likita, babu iskar oksijin. Hagu tana zuwa babban asibiti a Tambuwal, inda akwai komai, amma tun asuba 'yan kabu-kabu suka turo cewa ruwa ya haye kwalbati, sai an zagaya. Zagayen ya fi awa biyu.

Lambar wayar kuma ta jawo gidan da ke da ita. Mai gida Jumare, shekara arba'in da biyar. Matarsa Anisa. Ƙanensa Suhaibu. Uwarsu Dada. Ƙarƙashin sunan Jumare akwai jan layi: shekara uku da suka wuce an kawo shi da saran maciji, an yi masa allurar maganin dafi, maƙogwaronsa ya kumbura har numfashi ya kusa tsayawa, da ƙyar likita ya ceto shi.

Shawarar Gwaggo ta rabu biyu. In Suhaibu ne, Mashaya. In Jumare ne, Tambuwal, don jikin da ya taɓa ƙin maganin yana bukatar likita da oksijin a kusa.

Sirajo ya goge "maƙwabciya" ya sa "uwa". Ya ce, "Inna, sai kin sake tambayarta. Suna muke so. Ba mu iya aiki da mutumin nan."

"Jumare na."

"Ta faɗa?"

"Ba ta faɗa ba. Shi ya sa."

Ya dube ta, sai ya dafe goshi. Shi ma ya sani. Innarsa har yau ba ta taɓa kiran sunan babban yayansa ba, sai dai ta ce wancan, ko mai babbar riga. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. A gida ya san haka sarai, gaban kwamfuta ne ya manta.

"Ni na ji ta a kwance, na zaci abin bai kai ba," in ji shi.

"Tsohuwa irin wagga ta hau suri da kanta don ɗan fari? Abin ya kai, Malam Sirajo. Ya wuce."

"To Tambuwal ke nan." Ya duba agogo. "Awa biyu da rabi, jini na zuba. Allah Shi kiyaye."

Hinde ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta sa tabarau. A gefen jan layin akwai ɗan ɗigon rawaya.

"Wanga fa?"

"Littafi biyu sun saɓa. Kati ya ce shekara arba'in da biyu a lokacin, rajistar ɗakin kwanciya ta ce ashirin da fuɗu. Arba'in da biyu, ashirin da fuɗu. Mai rubutu na ya juya lambobi, ana yi kullum."

"Buɗe mini rajistar."

"Inna, lokaci."

"Bube bai kai ba tukun. Buɗe."

Ya buɗe. Hoton shafin ne kamar yadda aka rubuta shi da biro. Hinde ta ɗora yatsa kan gilashin tana bi baƙi baƙi, leɓɓanta suna motsi. Sirajo ya karance shafin sau biyu kafin ta kai tsakiya, ya zauna yana kaɗa ƙafa. Ba ta yi sauri ba. A ƙasa, wurin da ake rubuta mai jinya, yatsarta ta tsaya.

"Mai jinya, uwarsa," ta karanta. "Kwana ukku."

"E. Dada ke nan."

"Matar da ta ce mini wani na maciji ya taɓa, ita za ta zauna kwana ukku bakin gadon ɗan fari, ɗaki cike da mutane, tana riƙe mishi kai? Ga matarshi, ga gwaggonninshi? Ba ta yi. Ko ta so ba ta yi."

Sirajo ya daina kaɗa ƙafa.

Ta sake kiran lambar. Bugu ɗaya aka ɗauka, alamar tsohuwar ba ta sauka daga surin ba sai don ta kira mutane.

"Dada, ni ta. Mota ta kusa. In tambaye ki wata tsohuwar magana. Shekara ukku da ta wuce, wa maciji ya sara gidanku?"

"Af, Suhaibu na. Autana Suhaibu." Muryar ta sake, kamar an kwance ɗaurin buhu. "Ya tai ɗibar kara, ta sare shi ga hannu. Da anka yi mishi allurar ga, wuyanshi ya kumbura awa na kwaɗo. Nic ce Suhaibu ya tafi. Kwana ukku ban runtsa ba, ina riƙe da kanshi. Yanzu shina can kasuwar Tambuwal da awaki, bai san abin da ake ciki ba."

"Allah Ya kiyaye gaba. Da katin wa kunka tai asibiti?"

"Kati guda gare mu. Na mai gidan."

"To shi wanga na yau, maciji ya taɓa saran shi?"

Muryar ta koma inda take da farko.

"Ban ji an ce ba."

"Dada, ba jin an ce nika tambaya ba. Ke nika tambaya. Maganar allura ta."

Ana jin iska a wayar, da muryoyin maza daga nesa.

"Bai taɓa ba," in ji Dada. "Ko kunama ba ta taɓa harbinshi ba. Tun yana goye."

"Na gode. Tsaya nan."

Sirajo ya riga ya kama jan layin. Ya cire shi daga ƙarƙashin Jumare ya ɗaura shi ga Suhaibu, ya rubuta dalili: Jumare mai kati, Suhaibu wanda aka duba, shaidar uwarsu ta waya. Fuskar kwamfutar ta ɗan lumshe ta dawo. Yanzu shawara ɗaya ce: Mashaya. A ƙasa Gwaggo ta ƙara nata, cewa tun da ɗan'uwansa na jini ya taɓa ƙin maganin, a zuƙo allurar tare kumburi a ajiye kusa kafin a fara.

Ya ɗora hannu kan waya bai ɗauka ba. "In mun yi kuskure fa, Inna? Babu oksijin can."

"Shekaru sun faɗa, jinya ta faɗa, uwa ta faɗa. In muka kai shi Tambuwal, don gudun mi? Ciwon ƙanenshi?"

Ya kira likitan da ke bakin aiki a babban asibiti, ya karanta masa komai a gurguje. Likitan ya yi tambaya biyu, ya ce a tafi Mashaya, Rauda ta kira shi in za ta fara, kada ta kashe waya har a gama kwalbar farko.

Ana cikin haka kiran Bube ya shigo.

"Tsohuwa, ga ni mararraba. Dama ko hagu? Ko Gwaggo ta tai barcin hantsi?"

"Dama. Mashaya."

"Madalla. Da kun ce hagu sai kun aiko mini kwalekwale."

"Yaya shi?"

"Shina numfashi, shina salati. Mutum biyu na baya tare da shi." Ya rage murya. "Ita kuwa tsohuwar ta ƙi shiga baya. Ga ta nan gaba kusa da ni, tana duban geron mutane ta taga, wai na wane ya fi na wane. Amma takalman mutumin na bisa cinyarta, ta riƙe su da hannu biyu."

"Tuƙa motarka, ka bar kallon mutane."

"Da ido guda nika tuƙi, ai kin sani."

Ƙarfe goma sha ɗaya saura suka isa. Rauda ta kira ta ce ta ɗebi jinin Jumare a ƙaramar kwalba mai tsabta ta ajiye, yadda ake yi. Jinin mai lafiya yana daskarewa cikin minti ashirin. Nasa ta karkata kwalbar ya gangaro kamar zoɓo. Ba ta ma jira cikar lokacin ba ta rataya ruwa mai maganin dafin, tun da ga jini a dasashi. Allurar tare kumburi tana kan faranti a zuƙe, likita yana kan waya.

A Tambuwal ba abin yi sai jira. Sirajo ya tashi ya tsaya bakin taga. Hinde ta ciro goro daga bakin zane ta ɓare, ta miƙa masa rabi, shi da ba ya ci. Ya karɓa ya riƙe.

Bayan rabin awa Rauda ta sake kira. Jumare ya yi ɗan ƙaiƙayi a hannu, ya wuce. Wuya lafiya, numfashi lafiya. Sauran magana sai nan da awa shida, in an sake ɗibar jini.

Ranar ta ci gaba da nata. Wani ya kira daga Sanyinna, yaro ya faɗo daga kan jaki, Gwaggo ta nuna wurin ɗori mafi kusa mai hoton ƙashi. Wata ta kira don ta ji ko gaskiya ne akwai mota, ta yi godiya ta kashe. Suka yi azahar. Hinde ta buɗe kwanonta na dambu, ta tura wa Sirajo cokali.

Yana ci yana kallon salsalar a kwamfuta, zare-zare kamar saƙar gizo. Ya buɗe wurin da aka rubuta uwa. Zare biyu ne kawai ke fita daga ciki, ta haifi wane, tana zaune gidan wane.

"Ina son in ƙara guda," in ji shi. "Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. In mai kira uwa ta, kuma ta ƙi suna, Gwaggo ta nuna babban ɗa."

Hinde ta tauna ta haɗiye kafin ta amsa.

"Kada ka sa ta yanke. Ba kowace uwa ba. 'Yan yanzu suna faɗi, har da ƙari, ka ji ana Abdulkarimuna, Abdulkarimuna, ko kunya babu. Wata kuma ba ɗan fari ba, sunan surukinta anka sa ma yaron, shi ya sa take ɓoyewa. Mata ma ba su faɗin na miji."

"To in bar shi?"

"Sa mata rawaya. Ta riƙa cewa a bincika."

Ya yi ta bugawa. Can ya ce, "Da wagga rawayar ta safe ba ta fito ba, da ba ki nemi rajista ba."

"Da ban nema ba. Ni ina zan san abin da anka rubuta shekara ukku a wani ɗaki? Ita ta ajiye."

"Ni kuwa na gan ta na ce kuskuren biro na."

"Kai sauri gare ka. Ni ban iya karatu da sauri ba, dole in ga kowane baƙi." Ta rufe kwanon. "Ka rubuta wa Suhaibu nashi kati. Ranar da maciji ya sake samunshi, kada a duba a ga fari tas."

Sirajo ya ajiye cokalin ya yi hakan nan take, tun bai manta ba.

La'asar ta yi, har ta yi sakaliya. Lokacin tashin Hinde ya wuce, wanda zai karɓe ta ya zo ya zauna a benci a waje yana sauraron rediyo, ita kuwa ta ce tana gyara aljihun tebur. Ta fito da takardu ta mayar da su yadda suke. Inuwar dogonyaro ta kai bangon ofis lokacin da wayar ta yi ƙara.

"Inna Hinde, Rauda ta. Na ɗiba, na jira minti ashirin cif. Na kifa kwalbar, ko motsi. Ya daskare awa kafaffen tuwo."

"Alhamdu lillahi."

"Jinin baki ya tsaya. Ƙafar na nan da kumburi, sai a hankali. Ya buɗe ido yana tambaya ko akwai fura."

Sirajo ya sauke numfashi, ya jefa rabin goron nan a baki, ya yamutsa fuska don ɗaci.

"Ina tsohuwar?" in ji Hinde.

"Tana waje ƙarƙashin mangwaro tun safe. Ta ba ƙofa baya. Na ce ta shigo ta gan shi, tac ce ita iska take sha. Ko sau guda ba ta tambaye ni ba. Matarshi ta iso, ita ke ciki. In je in gaya mata ɗanta ya tashi?"

"A'a. Kai mata wayar."

Aka ji takun Rauda, da kukan awaki, sannan muryar nan a kwance.

"Salamu alaikum."

"Dada, Hinde ta, ta wurin masu mota. Ya gajiya?"

"Babu gajiya. Direbanku dai akwai surutu."

"Haka muke fama da shi, ɗan kawuna na. Ya kika ga geron hanya?"

"Na wajen Mashaya ya fi namu kai. Sun riga mu shuka."

"Haka na ji." Hinde ta gyara zaman tabarau. "Af, wai baƙon nan na Rauda ya tashi. Har yana neman fura."

Hinde ta jira. Ta saba da irin wannan jira tun tana karɓar haihuwa, lokacin da ake sauraron kukan farko. Ta ji wani abu kamar an ja hanci, ta yi kamar ba ta ji ba.

"To," in ji Dada. "A ba shi in akwai."

"Za a ba shi."

"Su dai sunka sani." Ta ɗan tsaya. "Sai dai kada a sa sukari. Ba shi sha da sukari. Kuma a dama ta da ruwa-ruwa, in ta yi kauri barin ta yake."

"Zan gaya ma Rauda."

"Ba wai wani abu ba. Kada a yi ɓarnar fura."

"Na gane, Dada."

Hinde ta ajiye wayar. Ta jawo 'yar takarda, ta danne ta da hannun hagu, ta rubuta a hankali: ba sukari, ruwa-ruwa. Ta miƙa wa Sirajo ya tura wa Rauda.

Ya karanta, ya ce, "Wannan ma in sa ma Gwaggo?"

"A'a, bar wannan," in ji Hinde, tana neman takalmanta ƙarƙashin tebur. "Akwai mai riƙe da shi."